An bar jaki ana dukan taiki a Brazil

Duk lokacin da zazzaɓin denge ya ɓarke a biranen Brazil, akwai tsiron da ake fara huce haushi a kansa. Sunansa buromiliya, ɗan'uwan abarba ne, kuma da yawa daga cikin ire-irensa a kan rassan bishiyoyi suke tsirowa. Ganyensa na zagaye kamar ƙoƙo, ruwan sama ya taru a tsakiya. Da an ga ruwa a kwance sai a ce gidan sauro ne, a tuge tsiron ko a zuba masa guba. Ni a ganina wannan lalaci ne aka sa wa rigar kiwon lafiya.

Ruwan nan yana da masu shi. A shekarar 1880, Fritz Müller, Bajamushen masanin halittu da ya zauna a jihar Santa Catarina, ya bayyana wata halitta da ya samu a cikinsa, ya raɗa mata suna Elpidium bromeliarum. Dangin ƙaguwa da jatan lande ce, girmanta kusan milimita ɗaya, tana rufe cikin ɓawo biyu. Ita da 'yan'uwanta kusan ba a samun su a tafki ko kogi, sai a ƙoƙon wannan ganye. Ba ta tashi, ba ta iya ratsa busasshen reshe. To yaya take ƙaura daga wannan tsiro zuwa wancan? Kwaɗo take jira. Idan ya shigo ruwan sai ta matse fatarsa da ɓawonta, ya yi tsalle da ita, ta sauka a sabon gida. Wanda ya share buromiliyar wani tsauni, mai yiwuwa ya share jinsin da ba a taɓa rubuta sunansa ba, domin da yawa daga cikinsu a ƙaramin yanki ɗaya kaɗai suke.

Masu tugewa suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. A shekarun 1940 da 1950 maleriya ta addabi garuruwa irin su Blumenau da Brusque, kuma sauron da ke yaɗa ta a cikin buromiliya yake hayayyafa. An sare daji, an cire tsire-tsire masu ɗimbin yawa, cutar ta ja baya. Gaskiya ne kuma cewa wadda aka dasa don ado a tsakar gida tana iya ɗaukar tsutsar sauron denge.

Amma sauron denge, Aedes aegypti, ɗan gida ne, ba ɗan daji ba. Masu bincike na cibiyar Fiocruz sun tattara tsutsotsin sauro daga buromiliyar lambun tsirrai na birnin Rio de Janeiro, suka wallafa sakamakon a 2009: nasa bai kai ko ɗaya cikin ɗari ba. Inda yake cika shi ne tsohuwar tayar mota, da gwangwani, da tankin da ba murfi, da duron da iyali suka tara ruwa saboda famfo ya ƙi zuwa. Mai karatu a Kano ko Zinder ya san wannan duron.

Kai ruwan famfo unguwannin talakawa da kwashe shara a kan kari aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa, kuma ba ya kyau a hoto. Tuge tsiro kuwa wuni guda ne, da ma'aikata biyu da adda.