Sanarwar Bayan Taro Kan Tallafin Kuɗi da Taimakon Lauya ga 'Ya'yanmu Masu Karatu a Ƙasashen Waje

Ƙungiyarmu ta iyaye da tsofaffin ɗaliban da suka yi karatu a waje ta yi zamanta a Kano ranar Asabar da ta gabata. An buɗe da addu'a da hantsi, ba a tashi ba sai da aka kira la'asar. Iyaye sun zo daga Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da Zamfara, lauyoyi 'yan ƙungiya sun halarta, wasu daga cikin yaranmu kuma sun shigo ta Zoom daga Ingila da Masar da Maroko.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne yadda matsalar kuɗi take rikiɗewa ta koma matsalar takardun zama. Tun da Babban Banki ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake ba iyaye ta Fom A a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. Wani dattijo ya miƙe da takardar cinikin fili a hannu. Ya ce ya sayar ne don ya biya wa 'yarsa shekara guda, amma kafin mai saye ya cika masa kuɗinsa, abin da ya rage bai kai na zango biyu ba. Da ya zauna aka yi tsit, don rabin zauren sun ɗanɗana irin wannan.

Lauyoyinmu sun kawo misalin Jami'ar Teesside da ke Ingila, inda a 2024 aka cire wasu ɗaliban Najeriya daga karatu saboda bashin kuɗin makaranta, har sai da hukumar NIDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta shiga tsakani. Sun ce a Birtaniya makaranta ce ke tsaya wa ɗalibi a kan bizarsa. Da ta janye, wajibi ne ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma ta kan rage wa'adin zama zuwa kwana 60. Ɗalibin ba ya iya cike giɓin da guminsa, domin awa 20 kacal doka ta ba shi a mako lokacin karatu, ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati, ga kuma fam 776 na kuɗin lafiya a kowace shekara tun Fabrairun 2024. Lauyan kyauta na gwamnati ma an cire shi daga yawancin shari'un shige da fice a Ingila tun 2013.

Wata ɗaliba ta faɗa wa iyaye gaskiyar da ba su so ji ba. Ta ce ranar da katinta ya ƙi buɗe ƙofar ɗakin karatu, a ranar ta yi waya gida ta ce, "Mama, komai lafiya lau." Ta san an sayar da sarƙar gwal an turo ta, da wane baki za ta ce ana binta bashi? Wasiƙun gargaɗi suna ta taruwa a imel ɗinta, ba ta buɗe ba sai da wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce. Taron ya yarda cewa kunya da jinkiri sun fi ƙarancin kuɗin kansa jawo mana asara, kuma laifin har da namu iyaye, masu fara waya da tambayar sakamakon jarrabawa maimakon tambayar ko an biya kuɗin haya.

Taron ya nuna ɓacin ransa kan halin da ɗaliban gwamnati suke ciki. Waɗanda aka tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na BEA an zabge musu alawus daga dala 500 a wata zuwa 220 a 2024, shi ma ba ya zuwa a kan kari, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin, tare da alkawarin ɗaukar nauyin waɗanda ke ciki har su gama. Rancen NELFUND na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida, bai shafi na waje ba. Wasu jihohin kuma sun kwashi yara da bikin ban kwana a filin jirgi, gwamnati ta sauya, makarantu suka riƙe takardun shaidar kammalawa saboda bashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

An taɓo yaƙin Yukren na 2022 da na Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Yaranmu na Khartum sun dawo ta Masar da Port Sudan da ransu, alhamdu lillahi, amma da yawansu sun baro takardun sakamako a can.

Bayan muhawara, taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Za a kafa asusun gaggawa daga gudummawar 'yan ƙungiya da masu hali. An yi ja-in-ja a nan. Wasu sun so asusun ya riƙa biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, rinjaye ya ƙi, domin ɗalibi ɗaya a Ingila zai iya lashe abin da aka tara a shekara. Asusun zai biya kason da zai hana makaranta cire sunan yaro, da kuɗin ganin lauya na farko, da tikitin dawowa idan zama ya gagara. Rance ne marar ruwa, kuma kai tsaye za a tura wa makaranta ko lauya. Marayu da waɗanda yaƙi ya koro kyauta za a ba su. Mutum uku ne za su sa hannu, kuma dole su ba da amsa cikin mako guda, tunda wa'adin biza ba ya jiran zaman kwamiti. Ba za a karanta sunan wanda ya karɓa a bainar taro ba.

2. Kwamitin lauyoyi zai tattara sunayen masu lasisin aiki a kowace ƙasa da muke da yara. Lauyan Najeriya, komai ƙwarewarsa, ba zai tsaya wa ɗalibi a kotun Alƙahira ko Landan ba. Aikinsa ya karanta takarda, ya gane gaggawarta, ya haɗa yaro da wanda ya dace. A Birtaniya ba da shawarar biza ba tare da rajista ba laifi ne, saboda haka a guji 'yan "na san wani". Ɗaliban can su fara da ofishin shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arsu da layin UKCISA mai ba ɗaliban ƙasashen waje shawara, su nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan a rubuce, su tambayi ko makarantar tana da asusun masu ƙunci. Idan ta yanke hukuncinta na ƙarshe, a Ingila da Wales akwai ofishin OIA da ke sauraron koke kyauta cikin wata 12.

3. Duk ɗalibin da aka kama ya nemi a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, haƙƙinsa ne a sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963. Kada ya sa hannu a takardar da ba ya jin harshenta, kada kuma ya riƙe wa kowa saƙo a filin jirgi, ko da ɗan unguwarsu ne.

4. Kafin a biya ejan ko sisi, iyaye su tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da makarantar, masu karatun likita kuma su tuntuɓi majalisar likitoci ta MDCN. Dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024 ya isa ishara. Masu son Arewacin Saifurus su sani cewa Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can.

5. Taron ya yi kira ga Gwamnatin Tarayya ta biya bashin alawus na ɗaliban BEA, ga majalisun jihohi kuma su yi dokar da za ta hana tura yaro waje sai an ware kuɗin karatunsa har ƙarshe. Asusunmu ba zai biya bashin da ke wuyan gwamnati ba.

Sakatare zai buɗe rajistar ɗalibai, da kwafin fasfo da biza da sakamakon kowane zango. Wakilan jihohi su miƙo nasu kafin zama na gaba, wanda za a yi a Katsina in Allah ya kai mu.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatare
Shugabar Kwamitin Lauyoyi