Ruwan ido ba zai gina maka shafin intanet ba

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp ko Facebook na matasa masu koyon fasaha ya san wannan tambayar: "Don Allah wace manhaja zan sauke in fara rubuta kod?" Kafin ka ce kwabo amsa ashirin ta sauka. Wannan ya ce VS Code, wancan ya ce Sublime Text, wani gwani ya shigo ya ce duk wanda bai iya Vim ba wasa yake yi. Shi kuma mai tambaya ya koma gefe kansa a ɗaure. Sati biyu su wuce, ya sauke manhajoji huɗu, datarsa ta ƙare, bai rubuta layi ɗaya na HTML ba.

Matsayarmu a wannan fili a yau ita ce: zaɓen manhajar rubuta kod bai kamata ya ci maka fiye da yini ɗaya ba. Kuma abin da zai yanke hukunci shi ne na'urar da ke hannunka, ba surutun gwanaye ba.

Mu fara da fahimtar mene ne ita kanta manhajar. Shafin intanet rubutu ne zalla. HTML ke tsara ƙashin shafin, CSS ta yi masa ado, JavaScript ta sa ya motsa. Ko Notepad ɗin da ke zuwa da Windows zai iya rubuta su, ka adana fayil ɗin da sunan da ya ƙare da .html, ka buɗe a Chrome ya fito. Abin da manhajar rubuta kod ta ƙara shi ne sauƙi: tana ba kowane irin rubutu kalarsa, tana saka lambar layi, tana rufe maka alamar da ka buɗe, tana ja maka layi a inda ka yi kuskure. Microsoft Word kuwa kar ma ka gwada, domin yana cusa nasa tsarin a cikin rubutu, burauza ba za ta gane ba.

In kana da laftof mai ɗan ƙarfi, wato RAM ɗinta ya kai 4GB zuwa sama, sauke Visual Studio Code ka huta. Kamfanin Microsoft ne ya fitar da ita a 2015, kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux. A binciken shekara-shekara da dandalin Stack Overflow ya gudanar a 2023 da 2024, sama da kashi 70 cikin 100 na masu rubuta kod da suka amsa sun ce suna amfani da ita. Amfanin wannan adadi a wurinka a fili yake. Yawancin darussan da za ka kalla a YouTube da ita ake yin su, don haka abin da malamin ke gani a allonsa shi kake gani a naka. In ka maƙale da tsakar dare, matsalarka ta riga ta faru da wasu dubbai, amsar tana nan a rubuce.

Sai dai a kula da suna. Visual Studio Code daban, Visual Studio daban. Ta biyun gagarumar manhaja ce ta manyan ayyuka, saukewarta na cin gigabait da yawa. Wanda ya ruɗe ya danna ta, datarsa ta wata ce za ta tafi a zama ɗaya. Adireshin da kake nema shi ne code.visualstudio.com.

To wanda kwamfutarsa 'yar gwanjo ce fa, irin wadda fanka ke kuka da zarar an buɗe Chrome? Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya. An gina VS Code a kan Electron, wato a cikinta akwai injin burauza irin na Chrome, shi ya sa take da ɗan nauyi. Tun 2022 kuma sababbin fitowarta suka daina aiki a Windows 7. Mai irin wannan na'ura ya nemi Notepad++, wadda Don Ho ya fara fitarwa a 2003. 'Yan megabait kaɗan ce, tana buɗewa nan take, ba ta wahalar da na'ura. A Windows kaɗai take aiki, kuma ba ta da ƙyale-ƙyale, amma duk abin da mai koyo ke buƙata a watanninsa na farko tana da shi. Ba abin kunya ba ne. Shafin da aka rubuta da Notepad++ da wanda aka rubuta da VS Code, burauza ba ta san bambancinsu ba.

Wanda kuma waya ce kawai da shi, kar ya zauna jiran ranar da zai sayi laftof. A Play Store akwai Acode da Spck Editor, duka biyun za ka rubuta HTML da CSS ka ga sakamakon a kan wayar. Da wahala, gaskiya, domin allon ƙarami ne kuma neman alamomi a madannin waya na gajiyarwa. Amma da babu gara ba daɗi. In kuma kana aron kwamfuta ne a kafe ko ɗakin karatu inda ba a yarda ka saka komai ba, buɗe vscode.dev a burauza. Microsoft ta buɗe shi a 2021, ba sai an sauke komai ba.

Akwai tarko uku da ya kamata a kauce musu.

Na farko, tsofaffin bidiyoyi. Har gobe za ka ci karo da darasin da ke cewa ka sauke Atom ko Brackets. Sun yi zamaninsu. Adobe ta janye hannunta daga Brackets a watan Satumbar 2021, GitHub kuma ta rufe Atom a watan Disambar 2022. Kafin ka bi shawarar bidiyo, duba shekarar da aka ɗora shi.

Na biyu, manhajar sata. A shagunan gyaran kwamfuta ana yawan cika wa mutum na'ura da manhajojin kuɗi da aka fasa, a ce kyauta ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin waɗannan fayiloli na daga cikin hanyoyin da ake cusa wa mutane manhajar leƙen asiri, kuma a kan wannan kwamfutar ce dai kake shiga imel ɗinka da asusun bankinka. Me ya yi zafi, alhali ta halak tana nan kyauta? Ko Sublime Text da ake sayarwa, masu ita sun yarda ka gwada ba tare da ƙayyade lokaci ba, sai dai ta riƙa tuna maka ka biya. WebStorm ta kamfanin JetBrains ma tun Oktoban 2024 ta zama kyauta ga mai koyo da wanda ba kasuwanci yake yi da ita ba, ko da yake ta fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta.

Na uku shi ne ya fi damuna, wato ƙirƙirarriyar basira. Daga Disambar 2024 GitHub Copilot ya samu tsarin kyauta a cikin VS Code. Kana fara rubutu zai ƙarasa maka. Wasu za su ce ai ci gaba ne, me ya sa za mu wahalar da kanmu? Ban musa ba, ƙwararru na amfana da shi sosai. Amma ƙwararre yana gane kuskure idan na'ura ta yi, mai koyo kuwa ba ya ganewa. Ranar da mai aiki ya ce maka shafinsa ya karkace a waya, ka gyara yanzu, abin da ke kanka ne zai fisshe ka. Iya ruwa fid da kai. Kashe shi na wata biyu ko uku, sai hannunka ya faɗa ka kunna.

Haka nan batun ƙananan manhajojin ƙari da ake liƙa wa VS Code. Bidiyoyin TikTok za su ce sai ka saka ashirin. Biyu sun isa: Live Server, da ke sabunta shafinka a burauza duk lokacin da ka adana, da Prettier, da ke jera maka kod ɗinka tsaf. Emmet kuwa tana ciki tun asali. Buɗe fayil ɗin HTML, rubuta alamar motsin rai, danna Tab, ƙashin shafi gaba ɗaya zai fito.

A cikin wannan ƙashin akwai layin da ya shafe mu kai tsaye, mai ɗauke da UTF-8. Shi ke sa ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai maimakon su koma wasu alamomi marasa kan gado. Kar ka goge shi. Mu da ke karatun aikin jarida muna ganin yadda shafukan Hausa da yawa ke rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Matashin da ya iya gina shafin da ke mutunta haruffan harshensa, yana da abin da zai sayar wa jaridu da makarantu da 'yan kasuwar garinsu.

Gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha. Darussan freeCodeCamp da MDN kyauta ne ga kowa. Ƙofa a buɗe take, kuma babu wanda zai tambaye ka da wace manhaja ka rubuta aikinka. Abin da za a ce shi ne, nuna mana abin da ka gina.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, duba na'urarka yau, ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa. Buɗe folda, ƙirƙiri fayil mai suna index.html, rubuta sunanka da sunan garinku, ka buɗe shi a burauza. Ka riƙe wannan manhajar na tsawon wata uku ba canji. In bayan nan ka ji tana takura maka, a lokacin ka san abin da kake nema, kuma ba sai ka tambayi kowa a zaure ba.