"An Gyara": Wa Ya Gyara?

A nahawun Hausa, lamirin "an" ɓoye mai aiki yake yi. Shi ya sa gabana ya faɗi a Sallar da ta wuce, a hanyata daga Aliero zuwa Jega, da na ga yara cike da wani lilon ƙarfe wanda kwana biyu kafin nan na gan shi a karye. Na tambayi mai shi, sai ya ce, "Malam, ai an gyara."

A shekarar 2019, jirgin igiya na wurin shaƙatawar Disney a Amurka, wato akwatunan da ke ɗaukar mutane ta sama, ya tsaya cak da fasinjoji har kusan awa 3. Sai da aka rufe shi fiye da mako guda ana bincike kafin a sake buɗewa. A Italiya kuwa, a watan Mayun 2021, irinsa na dutsen Mottarone yana ta ba da matsala, sai aka toshe birkin gaggawa don kada ya riƙa tsayawa. Igiya ta tsinke, mutum 14 suka rasu.

Don haka ina kira ga ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama: lilon da ya taɓa lalacewa kada ya sake ɗaukar yaro sai injiniya ya duba shi, ya gwada shi da buhunan yashi, ya liƙa takarda mai sunansa da sa hannunsa. Wanda sunansa ke jikin ƙarfe ba zai fake da "an" ba. Allah Ya kare mana zuri'a.