Ladi Kwali Tana Aljihunmu, Ina Sana'arta?

Ya ɗan'uwa ɗalibi, zaro takardar naira 20 ka dubi bayanta. Matar nan da ta duƙufa a kan tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali na Yankin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin dakta na girmamawa.

A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Da hannu take gina tulu, ta zana masa kunama da kada da ƙadangare da kifi, sannan a yi masa shafen ƙyalli a gasa. Ta rasu a 1984.

To, ina muka kwana? Bokitin roba ya kori randa daga gidajenmu, mun kuma ɗauki taɓa yumɓu a matsayin ƙauyanci. Alhali a 2000 sai da shugaban Amurka Bill Clinton ya taka har Ushafa, garin magina tukwane. Mu fa?

A nawa ra'ayin, hoto a kan kuɗi ba ya raya sana'a. Ciniki da magada ke raya ta. Mu ɗaliban Hausa muna da abin yi. Mai neman batun kundin digiri ya nufi Ushafa ko Bwari, ko wurin maginan garinsu, ya tattaro kalmomin sana'ar da ma'anar kowane zane tun tsofaffin suna raye. In zai dawo, ya sayo ko da kasko ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.