Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Najeriya



Maganar sikila ce ta sa na ɗauki alƙalami. A 1949 masanin sinadarai Linus Pauling na Amurka ya gwada furotin ɗin jinin masu sikila da lantarki, ya ga tafiyarsa ta bambanta da ta masu lafiya. A 1956 Vernon Ingram ya gano gurbin da ya sauya a jikin furotin ɗin, kuma a ɗakin binciken fiziks na Cavendish a Ingila ya yi aikin. Wannan ɗan canjin ke sa furotin ya sandare idan iskar oksijin ta ragu, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Ciwon nan a gidajenmu yake, amma masu fiziks na can, masu kemistiri na can, likitoci na asibitin koyarwa, kowa da ƙofarsa.

Don Allah ku haɗa su a ɗakin bincike ɗaya, da madubin ganin ƙwayoyi mai ƙarfi, da wutar sola, da ɗalibai masu malamai daga sassa biyu. Ku nemi hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta ɗauki nauyinsa na shekara biyar.

Naku,
Wani mahaifi daga Kano