Maganin Da Ya Daina Ci: Ina Mafita A Ɗakin Kulawa Ta Musamman?

Duk wanda ya taɓa yin jinya a ɗakin kulawa ta musamman na asibiti ya san roƙon da dangi kan yi: "Likita, a taimaka a yi masa allura mai ƙarfi." A ganina, wannan roƙo yana cikin abubuwan da ke jefa majinyata cikin haɗari.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin cuta na bakteriya suna sabawa da magani. In aka yi ta ɗirka maganin kashe su ba bisa ƙa'ida ba, sai raunana su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi a kan haka. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Lamarin ya fi muni a ɗakin kulawa ta musamman. Majinyaci ya riga ya galabaita, ga bututun numfashi, ga robar fitsari, ga allurar ƙarin ruwa a jijiya, kowanne ƙofa ce ta shigar cuta. Ƙwayoyi irin su Klebsiella da Acinetobacter kan bi hannun da ba a wanke ba daga wannan gado zuwa wancan. Wasunsu har sun bijire wa kabapenem, maganin da ake tanada don ranar da saura suka gaza.

Gaskiya ne, wanda cuta ta shiga jininsa ba ya jiran sakamakon gwaji. To amma a ɗebi jini ko majina kafin a fara magani. In sakamako ya fito bayan kwana biyu ko uku, a koma kan maganin da ya dace, ko a dakatar. A wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, a cire duk bututun da ya gama aikinsa. Gwamnati kuma ta wadata ɗakunan gwaji da kayan aiki, domin in ba gwaji, likita lalube yake yi a duhu.

Mu dangi, mu daina matsa wa likita, mu kuma faɗa masa gaskiyar kafson da aka saya a kemis kafin zuwa asibiti. 'Yan'uwa ɗalibai, mu kai wannan bayani gidajenmu da harshen da iyayenmu za su gane. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.