Cat Stevens Suka Karrama, Ba Yusuf Islam Ba

 



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata gardama da na tarar wasu matasa suna yi a ƙofar masallacin unguwarmu bayan sallar Isha'i. Ɗayansu yana ta rantsuwa cewa Musulunci ya samu ɗaukaka a Amurka, tunda har an shigar da Yusuf Islam cikin zauren mashahuran mawaƙa. Wani kuma ya ce ai wannan zaure na 'yan wariyar launin fata ne, domin sun wulaƙanta Fela. Na ukunsu ya ce su yi shiru, kiɗa haramun ne, magana ta ƙare. Suka nemi in raba musu gardama. Na ce su ba ni lokaci, domin a ganina dukkansu ukun sun kauce wa ainihin tambayar.

Zauren da suke nufi shi ne Rock and Roll Hall of Fame. Wasu manyan 'yan kasuwar waƙa ne suka kafa gidauniyarsa a 1983, a ƙarƙashin jagorancin Ahmet Ertegun, wani Baturke mai kamfanin faya-fayen Atlantic. A 1986 aka shigar da rukunin farko, cikinsu akwai Elvis Presley da James Brown da Ray Charles da Chuck Berry. A 1995 aka buɗe gidan tarihinsa a birnin Cleveland na jihar Ohio, inda ake ajiye garayun mawaƙa da rigunansu da takardun da suka rubuta waƙoƙi a kai, mutane suna biyan kuɗi suna shiga kallo. Ƙa'idar ita ce ba a sa mutum takara sai an shekara 25 da fitar faifansa na farko. Wani kwamiti ne ke fitar da 'yan takara, sannan mutum sama da dubu daga cikin mawaƙa da 'yan jarida da masana tarihin waƙa su kaɗa ƙuri'a.

To, bari in fara da mai murna, domin kuskurensa ya fi damuna.

Ya kai ɗan uwa, ka san wanda aka karrama a New York a watan Afrilun 2014? An haifi wannan bawan Allah a Landan a 1948, mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Ƙubrus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin. Da sunan Cat Stevens ya yi tashe, musamman da faya-fayensa biyu na 1970 da 1971 waɗanda aka sayar da miliyoyinsu. Yana tsakiyar wannan tashe ne igiyar ruwa ta kusa halaka shi a gaɓar tekun Malibu, ya roƙi Ubangiji ya tsamar da shi, aka tsamar da shi. Daga baya ɗan uwansa ya kawo masa fassarar Alƙur'ani. A ƙarshen 1977 ya karɓi kalmar shahada, ya zaɓi sunan Annabi Yusufu (AS), sannan ya yi abin da duniyar waƙa ba ta taɓa yafe masa ba: ya yi gwanjon kayan kiɗansa, ya sauka daga dandali yana kan ganiyarsa.

Me ya yi da shekarun da suka biyo baya? A 1983, shekarar da su Ertegun suke aza harsashin zaurensu, shi kuwa makarantar firamare ta Islamia yake buɗewa a Landan domin 'ya'yan Musulmi, ya kuma yi ta fafutuka har gwamnatin Birtaniya ta amince ta riƙa ɗaukar nauyinta a 1998. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985. Ya taimaki marayun Bosniya da na Kosobo. A 2004 an karkatar da jirgin da yake ciki zuwa jihar Maine, aka hana shi shiga Amurka, aka mayar da shi gida kamar mai laifi.

Yanzu ka tambayi kanka: cikin duk waɗannan, wanne aka ɗora a kan ma'aunin zauren? Ko ɗaya. A daren bikin, waƙoƙi uku ya rera, dukkansu na 1970 da 1971 ne, wato na shekarun da bai musulunta ba. Tun farkon shekarun 1990 ya cika ƙa'idarsu ta shekara 25, amma ba a kira shi ba sai bayan da ya sake rungumar garaya ya fitar da faifai a 2006. Ban ce wannan shi ne dalilinsu ba, domin ba na cikin ɗakin da aka yanke shawara. Abin da kawai nake nuna maka shi ne, shekarun da kai da ni muke ganin su ne mafi albarka a rayuwar mutumin nan, a littafinsu giɓi ne, shekarun da gwani ya ɓata. Suna murnar dawowarsa, kai kuma kana taya su murna da sunan Musulunci. Anya ka san bikin da kake rawa a cikinsa?

Kada a fahimce ni a baibai. Ba hukunci nake yanke wa Yusuf Islam kan komawarsa waƙa ba. Mas'alar kiɗa tsohuwar mas'ala ce: mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da abin da aka togace kamar mandiri a biki, Ibnu Hazmin ya halatta, Imamul Gazali kuma ya ware babi guda a Ihya'u yana rarrabe sauraren da ya halatta da wanda bai halatta ba. Mutumin ya karanta, ya tambayi malamai, ya ɗauki abin da ya ɗauka, hisabinsa yana wurin Wanda ya tsamar da shi daga teku. Ni abin da ya dame ni yana cikin zukatanmu ne. Me ya sa sai wani zaure a Cleveland ya buga wa ɗan uwanmu hatimi kafin mu ji cewa yana da daraja? Shekara nawa yana gina makarantu, matasanmu nawa ne suka taɓa yin gardama a kansa a ƙofar masallaci?

Sai mai fushi. A maganarsa akwai ƙanshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace mai waƙoƙin coci wadda su Elvis suka ɗebo salonta, ta rasu tun 1973, amma sai 2018 aka tuna da ita. Mawaƙan salon rap ba su samu shiga ba sai 2007. Kuma a 2023 Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa zauren, ya faɗa wa jaridar New York Times cewa bai sa mata da baƙar fata cikin littafinsa na hirarraki da gwanaye ba saboda a ganinsa ba su kai sauran iya bayani da zurfin tunani ba. Nan take aka tsige shi daga hukumar gudanarwa. An tsige shi, gaskiya ne, amma bayan ya shafe shekaru masu yawa yana cikin masu riƙe da makullin ƙofa.

Batun Fela kuwa, a 2021 da aka sa shi takara, 'yan Nijeriya sun yi ta kwana a intanet suna danna ƙuri'a, har ya zo na biyu a zaɓen masoya, yana bin Tina Turner. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a tsarin wancan lokaci, duk ƙuri'un masoya na duniya ana dunƙule su ne su zama takardar zaɓe guda ɗaya tak a cikin sama da dubu. Bai shiga ba a shekarar, aka sake sa shi a 2022, nan ma bai shiga ba. Idan ma'aunin shi ne tasiri a kan waɗanda suka biyo baya, kamar yadda suke faɗa, to mutumin da ya ƙirƙiro salo guda sukutum ya cancanta tun a karon farko, ko da ni da kai ba mu yarda da yadda ya tafiyar da rayuwarsa ba.

Amma a nan ne nake rabuwa da mai fushi. Fushin nan da kake yi, shi kansa mubaya'a ce. Ba a kai ƙara wurin alƙalin da ba a yarda da hukuncinsa ba. Duk lokacin da ka ce "an zalunci namu", ka riga ka amince cewa hannunsu ne ke raba girma. Mai murna da mai fushi duk a bakin ƙofa ɗaya suke tsugune, ɗaya an buɗe wa nasa, ɗaya yana ƙorafin jiran da aka sa nasa ya yi.

Kuma wane irin girma ne ake rabawa a can? An shigar da Phil Spector a 1989 saboda gwanintarsa wajen tsara sauti. A 2009 kotu ta same shi da laifin kashe wata mata mai suna Lana Clarkson, ya mutu yana ɗaure a 2021, sunansa yana nan cikin jerin. An shigar da Ike Turner a 1991 yana gidan yari. Masu kare zauren za su ce: ai mu gwaninta muke aunawa, ba hali ba, kuma yabon gwani ya zama dole. Na yarda, wannan amsa ce mai ma'ana, har na fi son su da wannan gaskiyar a kan su yi da'awar tsarkake mutane. To amma in haka ne, ma'aunin da ya ɗauki mai gina makarantu da mai kisan kai ya ajiye su a sahu ɗaya, me zai iya gaya maka game da darajar ɗayansu? Har cikin mawaƙan akwai waɗanda suka raina abin. A 2006 ƙungiyar Sex Pistols ta ƙi halartar nata bikin, ta aika da wasiƙar zagi tana ƙorafin cewa teburi guda a wurin cin abincin dala dubu 25 ne. Wato hatta 'yan iskan gari sun gane kasuwa ce, mu masu kallo daga nesa ne muke ɗaukarta wahayi.

Saura na uku, mai cewa a yi shiru. Na fahimci kishinsa, sai dai shirunsa ba ya hana ƙaninsa kwana yana danna ƙuri'a. Kuma da ya leƙa tarihinmu da ya ga abin ba baƙo ba ne. Halifa Haruna Rashid ya sa manyan mawaƙan fadarsa, cikinsu har da Ibrahim al-Mausili, su zaɓo masa waƙoƙi ɗari mafiya kyau. A kan wannan zaɓe ne Abul Faraj al-Asfahani ya gina Kitabul Agani a ƙarni na huɗu na Hijira, littafin da ya haura mujalladi 20 a bugun zamani. Malamai irin su Ibnul Jauzi sun soki marubucin, sun ce ba a dogara da ruwayarsa. Duk da haka masu nazarin adabin Larabci har gobe ba su wadatu da barinsa ba, domin ya adana abin da da ya salwanta. Wannan shi ne amfani guda da nake ganin zauren Cleveland yana da shi: adana tarihi. A nan kam sun fi mu. Mamman Shata ya rasu a 1999, muna ta musu wa ya fi tsakaninsa da Narambaɗa, alhali faya-fayensu da kasa-kasansu da yawa suna hannun ɗaiɗaikun mutane, rana da gara suna cin su.

Sai dai adana tarihi daban, tsarkake suna daban, kuma magabatanmu sun san bambancin. Lokacin da malaman hadisi suka zauna auna mutane, sai suka kafa ilimin jarhi da ta'adili, inda shahara ba ta ceton kowa. Za ka ga mai wa'azin da ke tara dubbai an rubuta a gefen sunansa cewa mai rauni ne, a rubuta amintacce a gefen sunan wani da ko a garinsu ba a san shi ba. Imamuz Zahabi a Siyaru A'alamin Nubala'i yakan yabi mutum, ya kuma faɗi aibinsa a shafi guda. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya fifita Zuhairu a kan mawaƙan Jahiliyya, kuma daga cikin dalilansa akwai cewa ba ya yabon mutum sai da abin da ke gare shi.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da nake so matasan nan uku su zauna su karanta tare, wanda ya ambaci mutum ukun da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta. Kowannensu ya yi aikinsa ne domin a faɗa, kuma an faɗa, sai aka ja shi zuwa wuta. Idan neman suna ya iya cinye jihadi da ilimi da sadaka, ina ga gidan da aka gina shi tun daga harsashi domin suna kawai? A littafin nan dai aka kawo labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman mai jinyar mahaifiyarsa, wanda mutanensa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, amma Annabi (SAW) ya umarci sahabbai, cikinsu har da Umar, su nemi ya roƙa musu gafara. Da Umar ya same shi ya ce zai rubuta wa gwamnan Kufa takarda a kansa, sai ya nuna ya fi son ya zauna cikin talakawan gari.

Da na koma wurin matasan bayan kwana biyu, na tambayi mai murna ko ya san sunan makarantar da Yusuf Islam ya kafa. Bai sani ba. Na tambaye shi sunayen waɗanda aka shigar zauren tare da shi a 2014, sai ya lissafo mini Nirvana da KISS da Peter Gabriel ba tare da ya numfasa ba.